Kibiyar Tsoho Tunau

Ku gyara zama. Abin da na kawo muku yau ba na dariya ba ne, kuma ba ni da amsarsa; da ina da ita, da ban tara ku ba. Na ji shi daga bakin ƙanen kakata tun kafin a kai ni makarantar mishan, kuma na yi ta juya shi a raina har kaina ya yi fari. Zan faɗa muku yadda aka faɗa mini. Inda ban sani ba, zan ce ban sani ba.

A da akwai wani gari na maharba da ake kira Kukar Gwanki. Yau babu shi, kukar ma ta faɗi. Mutanensa manoma ne da damina, amma idan rani ya yi nisa, ciyawa ta bushe, sai Sarkin Baka, wato shugaban maharba, ya buɗe daji. A sa wuta ta gefe guda, maza su jeru ta ɗaya gefen, kowane gida a wurinsa, wa kusa da ƙanensa. Namun daji su fito a guje cikin hayaƙi, kowa ya saki kibiya, ba mai ganin inda tasa ta sauka.

Kakanninsu sun sha wahala a kan wannan. Mutum biyu su harbi barewa guda, kowa ya ce tasa ce ta kayar da ita, ga kuma baka a hannu da kibiya mai dafi. An binne mutane a kan cinyar barewa. Saboda haka suka kafa doka. Kowane gida yana da alamarsa, ana tsaga ta da wuƙa a jikin kyauron kibiya. Duk abin da kibiya ta kawo, na mai alamar ne, ko shi ya harba ko ba shi ba. Kuma an hana kowa, har Sarkin Baka, ya tambayi wanda ya harba. Don kada ma a gane, in an dawo daga daji kowa yakan juye sauran kibansa cikin wani babban kwando a ƙofar Sarkin Baka, daga baya kowane gida ya zo ya tsince nasa.

Wannan doka ta haifi wani alheri da waɗanda suka kafa ta ba su yi tsammani ba. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, ko matar da ta gaji alamar mijinta, sai su ba wani saurayi kibiyarsu a ɓoye ya sa a kwarinsa. In ta sami nama, nasu ne, ba sadaka ba. Da haka babu tsohon da ya taɓa roƙon nama a garin. Amma ku riƙe ɗaya gefen dokar, don a kansa labarin yake: an ce duk abin da kibiya ta kawo. Ba a ce nama kaɗai ba.

Akwai wani tsohon maharbi, sunansa Tunau. Yanar ido ta rufe masa idanu, ba ya ganin komai, amma hannunsa bai manta da aiki ba. Yana da wata ɗabi'a tasa: in saurayi ya zo karɓar kibiya, sai ya shafa hannun saurayin daga ƙirji zuwa kan yatsa, ya yanke kyauro daidai tsawonsa. Yakan ce ba ya so mai harbi ya ji a hannunsa cewa ta aro ce. Kibansa suna samun nama ƙwarai. Shi kuwa haƙoransa sun zube, ɗan romo ya ishe shi, sai ya rabar da sauran gida gida. Al'adar garin ita ce, wanda aka ba nama yakan taɓa kibiyar da ta kawo shi kafin ya ɗauka. Ba wanda ya san dalili, haka suka tarar.

'Ya'yan Tunau uku ne. Babban shi ne Jatau, mai zama a hannun daman Sarkin Baka, don ba ya manta hukuncin da aka taɓa yankewa. Sai Gwamma, tana aure a cikin garin, sana'arta kaɗin zare, ita ke kawo wa uban abinci. Sai autansu Nagoma, wanda duk ƙasar ba a san wanda ya kai shi iya harbi ba.

A wani rani, da hayaƙi ya washe, aka tarar da mutum kwance. Wani magidanci ne da ake kira Baƙo, ɗan wata tsohuwa mai suna Inna Kyauta, wadda mijinta ya daɗe da mutuwa ya bar ta da 'ya'ya maza biyu, Baƙo da ƙanensa Ranau. Kibiya ta shige shi, dafi ya riga ya gama aikinsa. Ya bar mata da yara ƙanana. Aka zare kibiyar, aka duba, alamar Tunau ce. Shi kuwa Tunau yana zaurensa tun safe yana shan iska.

Aka taru ƙarƙashin kuka, aka jawo tsohon, aka sa masa kibiyar a hannu. Ya lalubi alamar da babban yatsa. Sa'an nan yatsunsa suka bi kyauron a hankali har ƙarshe, suka dawo. Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Tawa ce."

Sarkin Baka ya juya ya ce, "Jatau, me doka ta ce?"

Jatau ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, jinin mutum ba ya zama a gari sai da wanda ya ɗauke shi. Mai alama shi ke ɗauka. A ƙetarar da shi rafi, kada a ba shi ruwa, kada a ba shi wuta. Wanda ya ba shi, a tsinke masa tsirkiyar baka, kada ya ƙara harbi har ya mutu."

Nagoma ya yi tsalle daga cikin taro ya ce, "Yaya, ubanka ne fa!"

Jatau ya ce, "Na san ubana ne. Ba wannan aka tambaye ni ba."

Aka kai kibiyar aka soke ta a jinkar zauren Tunau, shaidar cewa hukunci ya tabbata. Ba mai ikon cire ta sai uwar mamaci, da hannunta. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne, rafi ya ƙafe, sai yashi mai ƙona ƙafa. Mai ido da ƙarfi, in an ƙetarar da shi, yakan kama hanya ya nemi wata ƙasa. Makaho tsoho kuwa, kowa ya san kabari aka aika shi, sai dai ba a haƙa ba.

To, ga abin da kowannensu ya yi.

Bisa al'ada ɗan mutum ne ke ja masa sanda ya ƙetarar da shi, don kada hannun bare ya kore shi, sa'an nan ya juyo kafin rana ta faɗi. Nagoma ya ja sandar. Ya kai uban gindin wata tsamiya, ya share ƙayoyi, ya zaunar da shi. Tunau ya ce, "Auta, koma. Allah ya yi maka albarka." Nagoma ya ce, "To, Baba." Tsohon ya kasa kunne ya ji tafiyarsa, sai ya ji ba tafiya ba ce, ƙarar tonon yashi ce. Nagoma ya haƙa cikin rafi har hannunsa ya kai danshi, ya jira ruwa ya taru, ya ɗebo a ƙoƙo.

Tunau ya kau da kai. Ya ce, "In na sha wannan, na shanye bakanka. Zubar."

Nagoma bai yi gardama ba, shi ba mai yawan magana ba ne. Ya zaro wuƙa, ya yanke tsirkiyar bakansa da kansa, ya naɗe ta ya sa a tafin uban. Ya ce, "Shafa ka ji, Baba. An riga an gama. Yanzu in ka ƙi sha, ka sa na yi asara biyu."

Tsohon ya shafa, ya yi kuka irin na makafi, ba sauti, sa'an nan ya sha.

Nagoma ya kafa 'yar bukka. Da yake ba baka, sai ya koma ɗana tarko kamar yaro, yana kama ɓeraye da zabi, yana tsinto kanya da ɗinya. Ramin ruwan kullum ƙara nisa yake, kullum yana ƙara tono. Zazzaɓi ya kama tsohon, Nagoma ya riƙa jiƙa rigarsa yana shafa masa. Bai san ko akwai mai neman mafita a gari ba, ba wanda ya aiko masa da ko kalma guda. Ba don yana sa rai ya zauna ba. Ya zauna ne don ba zai iya tashi ba. Amma gaskiya ta sa in faɗi wannan ma: ya bar matarsa da tsohon ciki, ya bar gonarsa ba shara, kuma ya taka dokar da ta ciyar da ubansa shekara da shekaru. Matar ta haihu ba ya nan.

Jatau kuwa ya zauna a gari, ya sha kallo. Wasu suka ce dutse ne a ƙirjinsa. Wasu suka yaba masa, yabon kuwa ya fi zagin yi masa ciwo. Abin da ya gani shi ne, in ya lanƙwasa doka saboda ubansa, baɗi in wani ya mutu za a tambayi wanda ya harba, daga nan gidaje su koma binne juna. Ya kuma san cewa da ya ƙi faɗin hukuncin ran nan, da bakinsa ya mutu a gaban Sarkin Baka, ba za a ƙara sauraronsa ba. Sai ya ƙudura cewa in akwai ƙofa, a cikin dokar take, ba a bayanta ba.

Ya ɗauki gora da sanda ya bi ƙauyukan maharba cikin zafin nan, da tambaya guda a bakinsa: me ya sa mai karɓar nama ke taɓa kibiya? Aka ce masa don sa'a ne. Aka ce masa gaisuwa ce. Wani dattijo ya ce, "Kai, ubanka yana ƙetaren rafi kana yawon tambayar taɓa kibiya? Rana ta taɓa ka ne?" Bai fasa ba. A wata 'yar unguwa ya sami tsohuwa wadda sai an yi mata ihu take ji. Ta ce a zamanin ubanta kibiya ta kashe jakin wasu fatake, kuma ba mai alama kaɗai ya biya ba. Duk wanda ya ci naman kibiyarsa ya kawo damin dawa, domin wanda ya taɓa kibiya ya yarda ke nan yana da rabo a abin da ta kawo, mai daɗi da marar daɗi. Jatau bai tsaya a bakin mutum ɗaya ba. Ya ci gaba da nema har ya sami wani tsoho a wani gari dabam da ya tuna da jakin nan, har launinsa. Ya ɗauko su biyun ya kawo ƙarƙashin kuka.

Da suka ba da shaida, Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, duk wanda bai taɓa sa hannu a kibiyar Tunau ya ɗauki nama ba, ya miƙe mu gan shi."

Ba wanda ya miƙe. Sarkin Baka da kansa ya sunkuyar da kai yana duban hannunsa. Wani mai bakin barkwanci ya ce, "To, Jatau, sai mu kwashe gari mu ƙetare, mu bar wa kuraye ɗakunan matanmu?" Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan.

Jatau ya ce ba sai an ƙetare ba. Jinin da ya danne mutum ɗaya har ya kore shi, in aka raba shi a kan gari duka, kowa zai iya ɗauka yana zaune a gidansa. Gari ya noma gonar Baƙo, ya cika rumbunsa, ya riƙe 'ya'yansa har su kama fartanya da kansu. Jinin bai rasa mai ɗauka ba, ba a kuma tambayi wanda ya harba ba. Sarkin Baka ya yi shawara da dattawa, ya ce maganar ta zauna daidai cikin doka. Sai dai kibiya tana nan a jinka, kuma ba shi ke cire ta ba.

Aka dubi Inna Kyauta. Ta ce, "Jatau, ni na dafa wa uwarka ruwan wanka da aka haife ka. Yau ɗana kake aunawa da jakin fatake?"

Ya durƙusa ya ce, "Inna, ba haka nake nufi ba."

Ta ce, "Haka ka faɗa, kowa ya ji. Kibiya tana nan inda take." Ta tashi ta tafi. Duk tafiyar Jatau ta tsaya a nan. Kuma akwai waɗanda suka ce a ransu tsohuwar ba ta yi ƙarya ba: jaki ba mutum ba ne, Jatau kuwa ya fita neman amsar da yake so ne, shi ya sa ya same ta.

Saura Gwamma. Ita tun ranar hukunci ta ga abin da kowa bai lura da shi ba. Ta ga yatsun ubanta sun bi kyauron har ƙarshe sun dawo, ta ga fuskarsa ta sauya. Ta gane ya auna kibiyar, ya san hannun da ya yanke ta dominsa, ya kuma haɗiye sunan ya tafi da shi. Ta san doka ta hana tambaya. Ta ce a ranta ba za ta tambayi kowa ba, za ta auna ne kawai. Ko wannan ya fitar da ita daga laifi, ku za ku faɗa.

Da tsakar rana, sa'ad da zafi ya kori kowa cikin ɗaki, ta taka turmi ta gwada wani kyauro da kibiyar da ke jinka, ta yanke shi daidai, sa'an nan ta ƙulla zare a kan tsawonsa. Samari uku ta gani suna shiga zauren ubanta a ranin nan, lokacin da take kawo abinci. Ta bi su ɗaya ɗaya da zarenta, tana cewa su ara mata hannu ta auna, nata gajere ne.

Na farko wani guntun saurayi ne. Ya ce, "Yaya Gwamma, duk dogayen garin nan ni kika gani?" Ta ce, "Dogayen suna da aikin yi. Miƙe hannu, malalaci." Ƙullin ya wuce yatsansa nesa. Na biyu, Mantau, ƙullin ya faɗa daidai. Na uku Ranau ne, ƙanen mamacin. Shi ma ƙullin ya faɗa daidai, sai dai hannunsa yana rawa, ya rame har wuyansa ya fito. Bai yi mata wasa ba. Ya ce a hankali, "Yaya Gwamma, Baba Tunau yana da rai kuwa?" Ta ce, "Allah ya sani."

Mutum biyu ke nan, zare ba zai raba su ba. Ta je gaisuwa wurin matar Baƙo, ta taya ta ninke kayan mamaci, ta ga hudar kibiyar a rigarsa tana ƙarƙashin hammatar hagu. Ta fita kamar mai neman itace, ta bi ƙonannen dajin, ta tsaya inda kowane gida ke tsayawa. Gidan su Mantau can dama yake, bayan wani kwazazzabo, kibiya ba za ta zo daga can ta shiga hagu ba. A hagun Baƙo kuwa, wa kusa da ƙane, Ranau ke tsayawa.

A nan ƙanen kakata yakan dakata, ni ma zan dakata. Gwamma ba ta ga an harba ba. Tana da zare, da huda a riga, da wurin tsayuwa, da hannu mai rawa. Mutum yana iya juyawa cikin hayaƙi, hagunsa ta koma dama. Hannu yana iya rawa don baƙin ciki kaɗai. Mai yiwuwa kuma akwai saurayi na huɗu da ya zo ba ta nan. Ko abin da ta riƙe sani ne, ko zato ne mai ƙarfi, ita kanta ba ta iya rantsewa ba. Amma labari ya zo cewa ruwan rafi ya kusa gagarar tono.

Ta auna hanyoyinta. In ta faɗa a ƙarƙashin kuka, doka ta rushe, Ranau ya hallaka. In ta faɗa wa Ranau, ta ga alama ba zai iya ɗauka ba. Sai ta tafi wurin Inna Kyauta, ta same ta ita kaɗai tana gurzar auduga. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye kyauron da zaren a gabanta, ta faɗa mata komai daki daki, har da inda take shakka.

Tsohuwar ba ta daina gurza ba sai da Gwamma ta kai ƙarshe. Ta ce, "Kin gani da idonki?"

"Ban gani ba, Inna. Abin da na auna na faɗa miki."

"Shi ya sani?"

"Ina jin yana tsoron ya sani."

"Ubanki fa?"

"Tun ranar da aka sa masa ita a hannu."

Inna Kyauta ta daɗe tana duban zaren. Ta ce, "Kin zo ki tsorata ni ne, 'yar Tunau?"

Gwamma ta ce, "Ko kin cire ko ba ki cire ba, Inna, bakina ba zai buɗe ga kowa ba. Na ga dai bai kamata ki riƙe ran mutum a hannunki ba ki san abin da kika riƙe ba."

Tsohuwar ta ce, "Tashi ki fita mini daga gida."

Kafin la'asar aka ga Inna Kyauta ta fito da sandarta, ta ratsa gari, ta tsaya a ƙofar zauren Tunau. Ta miƙa hannu ta zare kibiyar, ta karya ta a gwiwa, ta tafi da guntayen ta sa a murhunta, don kada wani ya ƙara auna ta. Abin da ta ce kawai shi ne, "A dawo da tsohon. Gari ya ɗauka." Ko tausayin wanda ya yi shiru saboda ɗanta ne ya motsa ta, ko tsoro, ban sani ba. Abin da na sani shi ne, da Jatau bai shirya wa jinin wurin sauka ba, da ba ta isa ta cire ba, domin jinin zai tashi yana neman mai ɗauka, kuma ta san ƙofar da zai bi.

Nagoma ya goyo uban a baya ya ƙetaro da shi, ba nauyi, kamar damin kara. Tunau ya rayu. Gari ya noma gonar Baƙo har 'ya'yansa suka girma, ba a taɓa fashi ba.

Amma ba wanda ya fita ba tabo. Sarkin Baka bai sami tsirkiyar da zai tsinke ba, duk da haka hukuncin ya tsaya, kuma Jatau ne ya faɗe shi: Nagoma bai ƙara riƙe baka ba. Duk ranar da aka buɗe daji, sai ya ɗauki gatari ya tafi gona mai nisa don kada ya ji gangar farauta. Shi da Jatau suna gaisawa, amma ba su ƙara sa hannu a akushi ɗaya ba. Inna Kyauta ba ta ƙara amsa gaisuwar Gwamma ba har ta mutu, kuma ta ƙare kwanakinta tana zuba wa Ranau tuwo tana kallon hannunsa. Ranau ya yi aure, ya tsufa. Gwamma ta cika alkawari. Sai bayan an binne Ranau ta faɗa wa jikokinta, ta haka labarin ya iso gare mu.

Tunau kuwa, da ya ji an ƙone kibiyar, ya gane. Ran da Gwamma ta kawo masa fura ya ce, "Kin auna."

Ta ce, "Na auna, Baba."

Ya ce, "Kayan da na ɗauka na ƙetare da shi don kada ya faɗa wa kowa, kin sauke shi a kan tsohuwa."

Ta ce, "Na sauke, Baba. Ga furarka, kada ta tsinke."

Ya karɓa ya sha. Ba su ƙara tayar da maganar ba.

Bayan 'yan damuna ciwon ajali ya kama shi. Alamar gida mutum ɗaya ke gadonta, tare da 'yar wuƙar da ake tsaga ta, kuma kun riga kun ji cewa ba sai mai harbi ke riƙe alama ba. Mace tana riƙewa, wanda aka tsinke wa tsirkiya ma yana riƙewa. Tunau ya ce zai ba wanda ya fi cancanta a kan ransa da aka ceto. Ya kira su uku, ya shafa hannun kowannensu daga ƙirji zuwa yatsa, kamar zai yanke musu kyauro. Ya ce wa Jatau, "Kai ka kore ni, kai ka buɗe mini ƙofa." Ya ce wa Gwamma, "Ke kin san abin da na hana a sani." Ya ce wa Nagoma, "Kai na ce ka koma, ka ƙi." Ya ɗaga wuƙar, hannunsa ya yi ta yawo a tsakaninsu. Sa'an nan ya ajiye ta a kan tabarma, ya ce su bar shi ya huta tukuna. Hutun da bai tashi ba ke nan.

Dattawa suka zauna a kan wuƙar, suka rabu. Masu goyon bayan Nagoma suka ce da bai ba da ruwa ba, da gawa Jatau ya yi wa wahala, kuma shi kaɗai ya biya da abin da ya fi so a duniya, ba tare da ya san za a yi nasara ba. Aka ce musu, in kowa ya bi zuciyarsa ya taka doka, wace doka za ta ciyar da tsofaffin gobe? Masu goyon bayan Jatau suka ce shi ya ceci uban bai rushe garin ba, har ya bar wa na baya hanya. Aka ce musu, da tsohuwar nan mai tuna jaki ta riga ta mutu fa? Da ya bar ubansa ya bushe a gindin tsamiya, yana cewa doka ce. Su dattawan ba su san abin da Gwamma ta yi ba, sun dai ji tsohon ya sa ta cikin ukun, suka yi ta mamaki. Ku kuwa kun sani. Kun san ba don ita ba da kibiyar ta ruɓe a jinka. Kun kuma san ta karya shirun da ubanta ya yarda ya mutu a kansa, ta ɗora wa uwa abin da ba a ɗora wa uwa, a kan zare da huda a riga, ba ta gani da ido ba.

Wuƙar tana nan a kan tabarma, ba a ɗauka ba. To, ku da kuka ji duka, wa za ku miƙa wa: wanda ya ba da ruwa, ko wanda ya nemo ƙofa cikin doka, ko wadda ta auna?